Garmaho Mai Kare

A layin da masu gyaran rediyo suke zama a da cikin kasuwar Makarfi, yanzu samari ne ke zaune da kwamfuta da ƙaramin janareta da tulin wayoyin caji. Ka miƙa wayarka da 'yan canji, kafin ka gama cinikin rake an loda maka waƙoƙi da wa'azi da finafinan da ba za ka ƙare su ba har damina ta zagayo. Tsofaffin masu gyaran da na sani, wasu ido ya hana su aiki, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Tafiyarsu ta kwashe tarkacen da ke jibge a bayan rumfa: gawarwakin rediyo, rakodar da zaren kaset ya sarƙe a cikinta, sannan can ƙasa, ƙarƙashin ƙura, akwatin garmahon da aka kawo gyara tun ana kashe sule da sisi, mai shi bai sake waiwayarsa ba. Na tambayi ɗaya daga cikin samarin ko ya san garmaho. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Baba, wane kamfani ne ke yin ta? Ba ta shigo nan ba tukuna."

Ban ga laifinsa ba. Ni kaina wutsiyar zamanin na riska, a gidan wani ƙanen mahaifiyata da ke aikin awo a fulotin auduga in kaka ta yi, can wajen Gimi. Garmahon Kawu baƙin akwati ne mai mariƙi, wanda in an buɗe murfinsa sai wani ƙamshi ya bugi hanci, na man keke da tsohon ƙyalle da ƙura. Ba ya son lantarki, ba ya son batir. Akwai hannun ƙarfe da ake zurawa a gefe a wana shi, sifirin ɗin ciki ya ɗaure, farantin ya kama juyawa. Kawu ba ya bari kowa ya yi wanin nan sai shi, don in aka zarce sifirin ya tsinke, to sai Zariya. Zai ciro faifai daga rigarsa ta takarda da hannu biyu, ya hure shi, ya shafe da gefen hularsa, ya ɗora, sannan ya sauke allura a hankali yana riƙe da numfashi. Abin da ke fara fitowa ba murya ba ce, wani sautin "shaaa" ne irin na ƙosai in an jefa shi a mai, kuma wannan suyar ba ta tsayawa har waƙa ta ƙare. In wanin ya yi sanyi a tsakiyar waƙa, sai muryar mawaƙi ta yi nauyi, ta yi kauri, ta soma jan ƙafa, mu kuwa yara mu kwashe da dariya, Kawu ya zabura ya kama hannun ƙarfe. Mun daɗe muna gardama a kan ko 'yan mitsi-mitsin mutane ne a ciki ko aljanu. Wani yayanmu ya rantse ya taɓa leƙawa ya ga ƙafar ɗaya.

Faifan yana da nauyi, ga baƙi wuluk, ga saurin fashewa. Da wani irin ƙaro ake yin sa, wanda wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya. Juyi 78 yake yi a minti ɗaya, kowace fuska kuma ba ta wuce waƙar minti uku da 'yan kai ba. Ka manta shi a rana ya lanƙwashe, ka zauna a kansa ya tashi aiki. Don haka a adaka yake kwana, tsakanin manyan riguna. Allurar ƙarfe ce, kuma ƙa'ida ita ce a canza ta bayan fuska ɗaya ko biyu. Wa zai bi wannan ƙa'ida, alhali sai an je birni ake samo gwangwanin allura? Sai a riƙa wasa tsohuwa a kan dutse ana mayarwa, ita kuwa tana cin faifan a hankali, har ya zamana suyar ta fi waƙar ƙarfi. Arha ba ta ado, in ji masu magana.

Ta hanyar jirgin ƙasa abin ya iso mana. Dogo ya kai Kano a 1911, ya ratso ta Zariya, ya bi ta Likoro da Gimi, a bayansa kuma kantunan su UAC da John Holt da G.B. Ollivant suka kafu suna sayen gyaɗa da auduga da ƙiraga, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir da kayan ƙawa. In kuɗin kaka ya shigo hannu, ko an yi sa'ar mazarƙwaila, buri na fari keke ne, sai agogo, sai garmaho. Kada dai wani ya ɗauka kowane gida akwai shi. A yadda manya ke faɗa, a gari guda da ƙyar ka ƙirga biyu ko uku: na malamin hakimi, na wani ma'aikacin reluwe, na dillalin da ya yi ƙarfi, ko na tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Bama. Talakan Paki ko Hunkuyi ko Gubuchi, nasa shi ne ya tsaya daga nesa ya ji.

A cikin murfin na Kawu, da jikin gwangwanin allura, da tsakiyar fayafayai da dama, akwai hoton wani farin kare zaune ya karkata kai yana sauraren bakin ƙahon garmaho. Mu "mai kare" muke ce masa, yadda ake cewa taba mai basukur ko mai zobe. Sai da na girma na san labarin. Wani mai zane Bature, Francis Barraud, shi ya zana karen ɗan'uwansa mai suna Nipper, kamfanin Gramophone na Landan ya sayi zanen a 1899, ya mai da shi tambarinsa da sunan His Master's Voice, wato kare ya ji muryar ubangidansa a cikin na'ura ya gane ta. A wurin Bature wannan talla ce mai taɓa zuciya. A wurinmu kuwa, inda kare iyakarsa ƙofar gida ko bin mafarauta, in ya lashi ƙwarya sai an yi wanki na musamman, abin ya zo a karkace. Kakata ba ta yarda a ajiye akwatin a ɗakin da take salla ba, saboda hoton. Wanda ya ƙirƙiro tallar bai taɓa kawo irinta a ransa ba, amma an sayar mata da kayan duk da haka, ko in ce an sayar wa ɗanta.

Wannan batu na wanda aka yi talla dominsa shi ya kai ni ga karanta tarihin fayafayan baƙaƙen fatar Amurka, na kuma tarar da kamanni da namu fiye da yadda na zata. Edison ya ƙera na'urar naɗar murya a 1877, Emile Berliner ya fito da ta faifai shimfiɗaɗɗe a 1887, amma aka shafe shekaru kamfanoni ba su ga baƙar fata a matsayin mai saye ba. Faifan jaz na farko da ya fita kasuwa a 1917, na Original Dixieland Jass Band, fararen fata ne suka buga shi, ko da yake kiɗan na baƙaƙen New Orleans ne. Sai a 1920, da kamfanin Okeh ya naɗi wata baƙar mace, Mamie Smith, a waƙar "Crazy Blues", aka ga leburori da masu wankau suna rububin saye, sannan idon 'yan kasuwa ya buɗe. Ba ƙaunar kiɗan ce ta motsa su ba. Kamfanin Paramount, wanda ya naɗi Ma Rainey da Charley Patton da makahon nan na Texas, Blind Lemon Jefferson, asalinsa na masu yin kujeru ne a jihar Wisconsin. Suna ƙera akwatunan garmaho na katako, sai suka ga ba mai sayen akwati in babu abin ɗorawa. Waƙa ta zama tarkon sayar da katako.

Tallarsu a jaridar Chicago Defender take fita, jaridar baƙaƙen fata da ma'aikatan jirgin ƙasa ke ɗauka su kai har ƙauyukan kudu. Za a yi zane mai ɗaukar ido a kan labarin waƙar, a jera sunayen fayafayai, a ƙasa a sa ɗan gurbin da mutum zai yanke ya rubuta sunansa ya aika, ba sai ya tura kuɗi ba, in ɗan gidan waya ya kawo ya biya. Da yawan zanen nan cike suke da raini, an zana baƙar fata yadda mai izgili ke ganinsa, kuma shi ɗin ake so ya ciro kuɗi. Mawaƙan kuwa galibi sau ɗaya ake sallamarsu, ko faifai ya yi kasuwa ko bai yi ba. Bessie Smith, wadda fayafayanta suka cika aljihun kamfanin Columbia tun daga 1923, ta rasu a 1937, kabarinta bai sami ko alama ba sai a 1970. Da tattalin arzikin Amurka ya karye, Paramount ta daina naɗi a 1932.

Lissafin da aka yi a can shi aka yi a nan. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya riƙa tattaro 'yan Afirka ta Yamma da ke Ingila yana naɗar su a Landan cikin harsunansu, har da Hausa, ana lodo fayafayan a jirgin ruwa zuwa gaɓar tekunmu, don mai sule ya ji harshensa a akwati ya yi sha'awar akwatin. Daga 1933 aka soma turo fayafayan kiɗan Kyuba masu lambar GV, waɗanda suka yi tasiri ƙwarai daga Dakar har Kwango. Daga baya su EMI da Decca da Philips suka kafa sansani a Legas, makaɗanmu suka shiga faifai sosai, har da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos.

Sai dai waƙar Hausa ba a yanka ta da awon minti uku ba. Makaɗin da ya saba farawa bayan isha ya kai asuba, yana duban fuskar ubangida, yana ƙara ɗa in an yi kari, yana sako wanda ya shigo fili yanzu, yana juya habaici in ya hango abokin gaba, shi ne aka tsayar gaban na'ura aka ce in an ɗaga hannu ya fara, in an sauke ya tsaya. Babu maroƙi mai kururuwa, babu mai liƙi, babu ƙura. Abin da muka gada a ƙananan fayafayai guntu ne na abin da ake yi a fili. Sai da babban faifai mai juyi 33 ya zo, wanda aka fito da shi a Amurka a 1948, ya kuma iso mana a makare, kowace fuska tana ɗaukar wajen minti ashirin, sannan irin su Shata suka sami wurin miƙe ƙafa. Amma faifai ya ba makaɗi wani ƙarfin da kakanninsa ba su sani ba. A da in an wasa mutum ko an yi masa zambo, iska ce ke kwashewa, sai abin da ya maƙale a bakin mutane. Yanzu sunan attajirin Funtuwa ya kai Gwanja ba tare da ya taka ba, wanda aka zage kuma ana iya maimaita zaginsa a ƙofar gidan surukansa sau goma a dare ɗaya. Magana zarar bunu ce tun fil azal, faifai kuwa ya zo ya sa mata hatimi.

Su jaz da buluz na Amurka, gaskiya ba su taɓa zama abincin kunnen Ikara ko Kudan ba. Iyakarsu otal-otal na Sabon Garin Zariya da Kaduna da gidajen 'yan boko, a nan ma hailayif na su Bobby Benson da Victor Olaiya da Rex Lawson ya fi su kasuwa, daga baya waƙoƙin Indiya suka shafe kowa. Louis Armstrong dai, mai busa ƙahon jaz, ya zo Nijeriya a watan Oktoba na 1960, makonni kaɗan bayan samun 'yanci, har akwai hotonsa da Sardauna a Kaduna suna dariya. Kamfanin Pepsi na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin zuwan, don haka ko a nan ma busar ƙahon tana jan kwalbar lemo a bayanta. Wasu masana, irin su Gerhard Kubik ɗan Ostiriya a littafinsa na 1999, suna ganin saiwar buluz tana nan yankinmu na savana, inda mutum ɗaya ke zama da abin kiɗa mai tsirkiya yana jan murya yana karya ta. Kubik har ya gwada naɗin wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru da na wani mawaƙin Mississippi. Ni ba na son a ja zancen nan ya wuce inda hujja ta tsaya, don yanzu kowa so yake a ce komai daga gidansu ya fito. Amma na taɓa kunna wa wani dattijo a Kudan tsohon naɗin Charley Patton, ya kasa kunne har ya ƙare, ya ce, "Yaro, wannan ai mai garaya ne, mura ce dai ta kama shi."

Abin da na fi tunawa da garmaho shi ne taron da yake haɗawa. Bayan isha a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a kunna fitilar ƙwai, maƙwabta su hallara. Fayafayan ba su da yawa, kowa ya haddace su har da inda allura ke tsalle. Minti ukun nan ba a magana a cikinsu, in an ɗaga allura sai sharhi ya ɓarke: wa ake nufi da wancan habaici, ɗan wane ne wanda aka ambata, me ya haɗa su. A nan na fara jin tarihin sarakuna da na 'yan kasuwa da na 'yan dambe, ba a aji ba. Sai dai zaman yana da nasa zalunci. Mai akwati shi ne sarki, abin da ya ga dama shi za a ji, in ransa ya ɓaci ya rufe murfi kowa ya watse. Mata daga bayan zana suke tsintar abin da iska ta kawo musu. Yaro in ya matso kusa ya sha rankwashi. Malamin unguwarmu kuwa, Allah ya jiƙansa, in ya biyo ta wurin sai ya sauya hanya yana istigfari, ana kuma ɗaga allura har ya wuce.

Rediyo ce ta fara karya wannan sarauta. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, ga ƙananan rediyo masu batir sun yi arha, manomi ya rataya tasa a reshe yana noma, matar aure ta aika kati a Zaɓi Sonka ta ji an kira sunanta da na ƙawayenta. Kaset, wanda Philips ya fito da shi a 1963, ya cika gari da kuɗin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, shi ya yi wa faifai jana'iza. Wanda duk ya ce wannan asara ce bai yi adalci ba. Garmaho sai dai ya faɗa maka, kaset kuwa kai ma kana iya faɗa masa. Da shi aka naɗi tafsirin azumi, da amadar mata a cikin gida inda kamfani ba zai taɓa shiga ba, da waƙar makaɗin ƙauyen da Legas ba ta san da zamansa ba, da saƙon tsohuwa zuwa ga ɗanta da ke Makka. Malaman da suka ƙyamaci garmaho su ne suka fi kowa cin moriyar kaset. Makaɗi ne dai bai tsira ba: da kamfani ke sallamarsa sau ɗaya, sai ya koma masu kwafi a kasuwa ba sa sallamarsa ko sau ɗaya. Wayar hannu ta zo ta ƙarasa. Yau yarinya a Saulawa tana da Barmani Coge da Haruna Uji da Hassan Wayam a tafin hannunta, ba ta roƙi kowa ba, ba ta laɓe a bayan zana ba. Ita kaɗai take ji da abin kunne, babu mai gaya mata wa ake nufi da habaicin, amma tana ji.

Ba akwatin nake kuka ba, don sautinsa bai kai na wayar da ta fi kowace arha ba. Inda muka rabu da Amurkawa shi ne abin da ya biyo baya. A can, daga shekarun 1950, wasu masu naci suka riƙa bin gidajen baƙaƙen fata a kudu ƙofa-ƙofa suna sayen tsofaffin fayafayai, suka jera lambobinsu, suka binciko wa ya buga me, a wane gari, a wace shekara. Akwai waƙoƙin Paramount da kwafi ɗaya ko biyu kawai suka rage a duniya, amma sun rage, an kuma juye su kowa na ji. Hatta tallar nan mai raini an adana ta, ita ce ma ke nuna watan da faifai ya fita. Mu kuwa namu, da kaset ya zo, yara suka mai da su gare-gare a titi, na Kawu ma da hannunmu muka gara wasu. Saura suka narke a rufin kwano ko aka zubar ranar rabon gado, don ba wanda ya ga abin rabawa a ciki. Abin da ke yawo a wayoyi yanzu kwafin kwafi ne, sau da yawa da sunan wani a kan waƙar wani, babu shekara, babu sunan mai kalangu ko 'yan amshin da suka ɗauki rabin nauyin waƙar. An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihin Shata a 2006, gidan rediyon Kaduna na da taskarsa. Amma faifan kansa, da rigarsa ta takarda, da abin da aka buga a jikinsa, an fi samun su a ɗakunan ajiya na Ingila da hannun masu tarawa na Turai fiye da Zariya.

Ina da yaƙinin ba duka suka ƙare ba. A tsofaffin gidajen sarauta da na 'yan kasuwa a Ikara da Makarfi da Hunkuyi akwai adakun da ba a kai ƙasansu ba tun rasuwar masu su. Wanda ya ci karo da faifai a ciki, kada ya goge shi da sifirit ko turare, don suna narkar da ƙaron. Kada ya jingine shi a karkace ko ya bar shi inda rana ke bugu, kada kuma ya nemo tsohuwar allura ya ce zai gwada. Ko da ya tsage, ya ɗauki hoton takardar da ke tsakiya, fuska biyun, har da ƙananan lambobin da aka tono a jikin faifan kusa da ita. Waɗannan lambobi su ake bi a kundin kamfani a gano shekarar da aka yi naɗin da garin da aka yi shi.